Tayin Ƙarya a Gwanjon Intanet: Ina Haƙƙin Mai Kaya?

Bismillahir Rahmanir Rahim. Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halatta ciniki Ya haramta zalunci. Tsira da amincin Allah su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

Wata rana bayan mun tashi daga darasin fiƙihu, wani ɗalibina ya dakata har kowa ya watse, sannan ya matso ya ce: "Malam, idan mutum ya buɗe asusu da sunan da ba nasa ba, ya riƙa taya kaya a gwanjon intanet alhali ba saye zai yi ba, yana da laifi? Ai ban karɓi ko sisin kowa ba." Yadda ya fara da "mutum" ya ƙare da "ban karɓi" ya ishe ni bayani. Tambayarsa ta tuna mini da wani gurbi a karantarwarmu. Duk lokacin da muka zo babin ciniki, mai saye muke karewa: kada a tauye masa mudu, kada a ɓoye masa aibi. Ba kasafai muke tuna cewa shi ma mai kaya ana cutarsa ba, kuma a gwanjon intanet sau da yawa shi ne ke kwana a ciki.

Da farko, gwanjo kansa halal ne a wurin jumhurun malamai, su ne ke kiransa bai'ul muzayada. Hanin da ya zo na yin tayi a kan tayin ɗan uwa ya shafi lokacin da mai kaya ya riga ya karkata ga mai saye, an daidaita kan farashi. Amma muddin ana kan neman wanda zai ƙara, ƙofa a buɗe take. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1990, ta tabbatar da cewa ciniki yana ƙulluwa ta na'urorin sadarwa na zamani. A zamanta na Burunai a 1993 kuma ta fitar da matsaya a kan gwanjo musamman. Saboda haka wanda ya latsa maɓallin tayi a wayarsa, daidai yake da wanda ya ɗaga murya a gaban dillali a kasuwar kara. Magana ce ya furta, magana kuwa zarar bunu ce.

Wannan kasuwa ta samo bunƙasarta ne daga Amurka. A 1995 Pierre Omidyar ya kafa shafin da daga baya aka sani da eBay, inda mutanen da ba su taɓa ganin juna ba suke ciniki. Tun da ba a ganin fuska, sai aka ƙirƙiro tsarin shaida: bayan kowane ciniki, mai saye da mai sayarwa kowa ya rubuta yadda ya ga ɗan uwansa. A 2008 kamfanin ya hana masu sayarwa rubuta mummunar shaida a kan masu saye, domin wasunsu suna amfani da ita wajen ramuwar gayya. Dalilin yana da ƙarfi, amma masu sayarwa da yawa sun koka cewa an raba su da sandar da suke korar macuta da ita. Shi mai kaya ya shekara yana gina sunansa. Shi kuwa macuci in an rufe masa asusu yau, gobe ya buɗe wani da sabon suna.

Cutar da ake yi wa mai kaya iri uku ce mafi shahara. Ta farko ita ce ta mai tayin wasa: ya ci gwanjo ya ɓace. A watan Janairun 2014 an sa wani tsohon kaset ɗin wasan Nintendo mai wuyar samu a eBay, tayi ya kai dala 99,902, amma wanda ya ci bai biya ba. A irin wannan hali masu sayen gaskiya sun riga sun watse, kwanakin talla sun tafi a banza, kuma in an sake fito da kayan, mutane sai su ɗauka akwai wani aibi a jikinsa.

Ta biyu ta fi dabara. Mutum ɗaya ne da asusu uku. A ce waya ce da ta kai naira dubu 200. Da asusun farko sai ya taya dubu 50. Da sauran biyun sai ya yi ta ƙara wa kansa har farashi ya kai dubu 600, duk mai hankali ya ja da baya. Ana dab da rufewa sai ya janye manyan tayin biyu, waya ta faɗo wa mai dubu 50. Irin wannan ha'inci na daga cikin abin da ya sa eBay ya taƙaita janye tayi a sa'o'i 12 na ƙarshe.

Ta uku ita ce biyan bogi. Ya ci gwanjo, sai ya turo saƙon imel na jabu mai kama da na PayPal cewa kuɗi sun shiga, ko ya aiko da cekin ƙarya mai kuɗin da ya zarce farashi, ya ce kuskure ne, a maido masa da rarar. Kafin banki ya gano cekin na jabu ne, kaya sun tafi, rarar ma ta tafi. Ƙanen wannan shi ne alat ɗin bogi da 'yan kasuwarmu suka sani sarai.

To, me shari'a ta ce? Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Ibn Umar (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya hana najashi, wato ƙara farashi ba da niyyar saye ba. Sahabi Abdullahi ibn Abi Aufa (RA) ya siffanta mai yin sa da cin riba da ha'inci. Mun saba fassara najashi da yaudarar mai saye, amma illar da ta sa aka hana shi ita ce tayin ƙarya da ke ruɗar kasuwa, kuma wannan illa tana nan ko wa ta faɗa wa. Malamanmu na Malikiyya sun ƙara da abubuwa biyu da suka shafi mai kaya kai tsaye. Ibn Rushd kakan ya bayyana cewa wanda ya ƙara a gwanjo, tayinsa ya hau kansa in mai kaya ya so ya sallama masa, matuƙar ba a watse daga zaman ba. A Mukhtasar na Shaihu Khalil kuma an halatta ka roƙi wani daga cikin masu tayi ya bar maka, amma ba a halatta a haɗa baki da dukkansu ba, domin hakan karya farashin mai kaya ne. Mai asusu uku ya kori kasuwa gaba ɗaya shi kaɗai, ba ma tare da ya roƙi kowa ba. Aya ta 1 a Suratul Ma'ida ta umarce mu da cika ƙulle-ƙulle, aya ta 29 a Suratun Nisa'i ta hana cin dukiyar juna da ɓarna, ta kuma gindaya yardar juna a kasuwanci. Wace yarda ce ga wanda aka sallamar wa kayansa da makirci?

Uzuri biyu nake yawan ji. Na farko, "wasa nake yi." Wasan da ya jawo wa wani asara ya tashi daga wasa, kuma hadisin Abu Dawud ya yi alkawarin gida a tsakiyar Aljanna ga wanda ya bar ƙarya ko da cikin raha. Na biyu ya fi muni: "ai ba Musulmi ba ne." Mai wannan magana ya koma ƙissar Mugira ibn Shu'uba (RA) cikin hadisin Hudaibiyya a Bukhari. Kafin ya musulunta ya yaudari abokan tafiyarsa mushirikai, ya kashe su ya kwashe dukiyarsu. Da ya zo, Annabi (SAW) ya karɓi musuluncinsa, amma ya barranta daga dukiyar. Kuma a daren hijira an bar Aliyu (RA) a Makka ya mayar wa mutanen garin ajiyarsu, alhali suna neman ran mai riƙon ajiyar. Sunan bogi yana ɓoye ka ne ga mai kaya. Mala'ikun da ke rubutu ba su taɓa rikita ka da wani ba.

Mu 'yan Najeriya mun ɗanɗana kuɗar wannan aiki. Sashe na 419 na kundin laifuffukanmu ya zama sunan damfara a bakin duniya. An kafa EFCC a 2003, an yi dokar laifuffukan intanet a 2015, amma suna in ya ɓaci gyaransa sai a hankali. A shekarun 2000 masu sayarwa da yawa a eBay sukan rubuta ɓaro-ɓaro cewa ba sa aika kaya Najeriya. PayPal bai buɗe mana ƙofa ba sai a 2014, a lokacin ma don biya ne kawai, ban da karɓa. Ɗan kuka shi ke ja wa uwarsa jifa: ɗalibi mai neman littafi da mai dukancin da ke son tallata jakarsa a waje su ne suka biya bashin da ba su ci ba.

Ra'ayina shi ne, duk mai shirya gwanjo, babban kamfani ne ko mai tallar atamfa a WhatsApp, wajibi ne ya san wanda ke taya kaya, kuma in kayan mai tsada ne ya karɓi kafin alƙalami. Matsayar 1993 da na ambata ta halatta karɓar ajiyar lamuni daga mai shiga gwanjo, bisa sharaɗin a mayar wa duk wanda bai ci ba, a kuma lissafa ta cikin farashi ga wanda ya ci. Na san za a ce wannan zai takura wa mai ƙaramin ƙarfi, kuma bayanan mutane za su iya faɗawa hannun da bai dace ba. Damuwa ce ta gaskiya, shi ya sa ajiyar ta zama daidai gwargwado, bayanan kuma amana ne a wuyan wanda ya karɓa. Amma tantance mutum ɗaya-ɗaya ya fi adalci a kan rufe wa ƙasa guda ƙofa.

Kai kuma mai kaya, rigakafi ya fi magani. Kada ka saki kaya sai ka shiga asusunka da kanka ka ga kuɗi sun zauna. Hoton rasit ba kuɗi ba ne. Duk wanda ya ce ya biya fiye da ƙima a maido masa da canji, ka tsaya cak. Kada ka yarda a janye ka daga shafin gwanjon zuwa cinikin gefe. Ka ajiye shaidar aikawa, domin ayar bashi, mafi tsawo a Alƙur'ani, ta koya mana rubutu da kafa shaida. Sannan kada tsoron asara ya sa kai ma ka buɗe asusun bogi kana taya kayanka. A 2000 wani lauya a Amurka, Kenneth Walton, shi da abokansa sun yi haka da wani zanen jabu har tayi ya kai dala 135,805; an soke cinikin, a 2001 ya amsa laifinsa a kotu.

Ɗalibin nan na ce masa ya rufe asusun, ya nemi waɗanda ya ɓata wa ciniki ya nemi afuwarsu, in akwai asarar da za a iya ƙiyastawa ya biya, domin haƙƙin bawa istigfari kaɗai ba ya sauke shi. Ya ce wasunsu bai san inda zai same su ba. Na ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, wanda ya gagara ya yi sadaka a madadinsa, ya riƙa yi masa addu'ar alheri.

Allah Ya tsare mu daga cin haƙƙin bayinSa a fili da ɓoye, Ya sanya albarka a kasuwancinmu. Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskure kuwa daga gare ni. Wallahu a'alam.