Tafiyar Ƙafa Daga Kutemeshi Zuwa Ƙasar Katsina

Tun kafin shekarar 1987, lokacin da aka yanke Jihar Katsina daga Kaduna, har bayanta, mutumin Kutemeshi ta Birnin Gwari idan ya idar da sallar asuba, begen 'yan'uwa ya motsa masa, yakan rataya gora ya ratsa gonakin dawa har ƙasar Sabuwa ta Katsina, ba guzuri ba sanarwa, a tarbe shi da furar da zai daɗe yana labarinta. Haƙiƙa iyakar ba ta taɓa tare kowa ba. 'Yan bindigar daji ne suka yanke wannan zumunci. Saboda haka, a ra'ayina, sulhun da gwamnatin Kaduna ta ƙulla da su a Birnin Gwari a 2024 ba zai tabbata ba sai talaka ya sake taka hanyar nan da ƙafarsa cikin aminci, ba tare da danginsa sun tara kuɗin fansa ba.