ZAMAN IYALI: Hutun Amarci a Tsibirin Zanzibar

Wani saurayi daga cikin masu karanta wannan shafi ya rubuto mana. Ya ce za a yi bikinsa bayan kaka, yana kuwa so ya kai amaryarsa hutun amarci tsibirin Zanzibar. Yana tambaya, me za su tarar can, tafiyar kuma ta dace? Da yake ba shi kaɗai ke wannan tunani ba, mun ga ya kamata mu amsa masa a gaban kowa.

Da fari dai ga wurin. Zanzibar tana cikin Tekun Indiya, a gabashin Afirka. A shekara ta 1964 ta haɗu da Tanganyika suka zama Tanzaniya. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, baƙi kuwa sun fi zuwa Unguja. Daga Darussalam jirgin ruwa mai sauri yakan kai mutum cikin misalin sa'a 2. Daga Maris zuwa Mayu ruwan sama ya yi yawa. Daga Yuni zuwa Oktoba gari ya fi daɗi. Harshensu Suwahili ne, amma Bahaushe zai tsinci kalmomin da ya sani, gama su ma sun ara daga Larabci: asuba su ce asubuhi, labari su ce habari, sabulu su ce sabuni.

Abin kallo a waje yana da yawa. Akwai gonakin kayan yaji, inda amarya za ta ga itacen kanumfarin da take sa wa kunu. Kanumfari toho ne na fure wanda ake tsinkewa tun bai buɗe ba, a shanya a rana har ya yi duhu. Kirfa kuwa ɓawon itace ce. Akwai kurmin Jozani, gidan wasu jajayen birai waɗanda ba a samun irinsu sai a Zanzibar. Akwai ƙaramin tsibirin Changuu, inda aka gina kurkuku a 1893 amma ba a taɓa tsare fursuna a ciki ba. Can ne manyan kunkurai suke, waɗanda aka fara kawowa daga tsibiran Seshel a 1919. Da maraice kuma akan shiga jirgin katako mai tafiya da iska a kalli faɗuwar rana.

Kada ku komo ba ku shiga tsohon birni ba. Can ne kasuwar bayi take dā, har aka rufe ta a 1873, aka gina babbar majami'ar Anglika a wurin. Ku tsaya kaɗan ku tuna da iyalan da aka raba a nan, miji dabam, mata dabam. Sabon gida yana bukatar irin wannan tunani.

To, yanzu ga gargaɗinmu. Yawancinmu mun yi girma nesa da teku, teku kuwa ba kogin ƙauye ba ne. A gabashin tsibirin ruwa yakan janye da nisa, ya bar rairayi fili, sa'an nan ya komo, sau biyu a kwana ɗaya. Wanda ya yi nisa yana tsintar wuri bai lura ba, sai ruwa ya tare masa hanya. Ku tambayi mutanen wurin lokacin cikar ruwa kafin ku fita. Ku sa takalmi, gama akwai wata halitta mai ƙaya kamar bushiya a tsakanin duwatsu. Kada ku shiga jirgi sai an ba ku rigar da ke hana nutsewa, kada kuma ku shiga wanda aka cika fiye da kima. A 2011 irin wannan jirgi ya nutse tsakanin Unguja da Pemba, mutane da yawa suka halaka.

Kai ango, in ba ka iya iyo ba, ka faɗa. Ba abin kunya ba ne. Iya ruwa fid da kai. Namijin da ya ɓoye wa matarsa ƙaramin abu irin wannan domin a ce shi jarumi ne, gobe zai ɓoye mata babba. Ke kuma amarya, in kina jin tsoron jirgi, kada ki yi shiru domin kawaici. Ki faɗa masa, shi kuma kada ya yi miki dariya. Wannan shi ne ainihin amfanin tafiyar: ku biyu kaɗai, ba dangi, ba 'yan biki, kuna koyon faɗa wa juna gaskiya.

Ku tuna kuma yawancin mutanen Zanzibar Musulmi ne. Ku yi shigar mutunci a cikin gari, in watan azumi ne kada ku ci abinci a kan titi. Ku riƙe katin allurar shawara, ku kwana cikin gidan sauro.

Sauran magana ɗaya, watau kuɗi. In tafiyar sai da bashi, ku bar ta. Kwana 7 na daɗi ba su isa a biya su da shekara guda ta ɓacin rai ba. Daidai ruwa, daidai tsaki. Ga Yankari nan a jihar Bauci, da giwaye da ruwan ɗumi na Wikki, ba fasfo, ba jirgin sama. Tsibirin ba zai gudu ba; kwa je wata shekara da kuɗin da kuka tara tare.

Allah ya ba da zaman lafiya. Sai wata mai zuwa.