Kura da Shan Bugu: Yadda Aka Mayar da Jill Valentine 'Yar Rakiya

Duk wanda ya taɓa riƙe PlayStation ya buga Resident Evil ya san Jill Valentine. Tun 1996, da kamfanin Capcom na Japan ya fitar da wasan farko, tana cikin mutum biyun da mai wasa zai zaɓa ya shiga da su gidan nan mai cike da matattu masu tafiya. 'Yar sanda ce a runduna ta musamman mai suna S.T.A.R.S., gwanar buɗe kwado ba tare da makulli ba. A 1999 aka ba ta wasa nata na kanta, Resident Evil 3, inda wani dodo mai suna Nemesis ke bin ta lungu-lungu a birnin Raccoon don ya hallaka ta. Ita ta gudu, ita ta jikkata, ita kuma ta ga bayansa.

Sai ga fim ɗin Resident Evil kashi na biyu, Apocalypse, a 2004, wanda Paul W. S. Anderson ya rubuta, Alexander Witt ya ba da umarni. An ɗauko birnin Raccoon, an ɗauko Nemesis, an ɗauko Jill har da shuɗiyar rigarta da baƙin siket, aka ba Sienna Guillory ta fito a matsayinta. Abu ɗaya aka hana ta: labarinta. Shi kam an miƙa wa Alice, wadda Milla Jovovich ke fitowa a matsayinta, macen da babu ita a ko ɗaya daga cikin wasannin, don fim kawai aka ƙirƙiro ta a 2002. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

A dubi abin da ya faru a cikin coci. Halittu masu dogon harshe sun rutsa da Jill da abokan tafiyarta, sai Alice ta faso taga a kan babur ta gama da su, Jill na tsaye tana kallo. A makaranta ma haka: Jill ce ta gano yarinyar da ake nema, ita ta yi dabarar buɗe gas don ƙona karnukan da suka biyo su, amma ashanarta ta mutu, sai da Alice ta jefa sigari wutar ta tashi. Shi kuwa Nemesis, wanda a wasan Jill yake farauta, an mai da shi tsohon abokin Alice, kuma da Alice ya yi karon ƙarshe. Wannan ba kuskure ba ne, tsari ne. Duk inda Jill ta kusa yin abin a yaba, sai marubuci ya riƙe mata hannu.

Wani zai ce, to meye abin ƙorafi, tunda wadda aka ɗaukaka ita ma mace ce? Ai nan gizo ke saƙar. Masu fim ɗin sun ɗauka cewa labari ɗaya ba zai iya ɗaukar mata biyu masu iyawa ba, kamar kishiyoyi ne da dole a fifita ɗaya a dusashe ɗaya. Fina-finai nawa muka gani da jarumai maza biyu ko biyar, kowa da ranarsa, kowa da bajintarsa? Me ya sa idan aka zo kan mata sai kujerar ta zama ɗaya tak?

Taimakon wani ba abin kunya ba ne. A wasan 1999 ma, da Nemesis ya harba wa Jill cuta ta faɗi, Carlos Oliveira ne ya shiga asibiti ya samo mata magani. Amma da ta farfaɗo, ragamar ta koma hannunta. Akwai tazara tsakanin wanda aka taimaka ya tashi da wanda aka ajiye don ya riƙa faɗuwa ana ceton sa.

Asarar ma ta wuce kan Jill, ta shafi fim ɗin kansa. Daɗin wasan yana cikin tsoro: harsashi kaɗan, jaka ƙarama, ƙofa a kulle, ga abu yana tafe. Jill mutum ce kamar kowa, shi ya sa zuciyar mai wasa ke bugawa tare da tata. Alice kuwa ƙwayar cutar T ta ba ta ƙarfin da ya wuce na ɗan Adam, har tana gangarowa a guje ta jikin dogon bene. Wa zai ji tsoro don wadda ya san ba abin da zai same ta?

Abin da ya biyo baya ya ƙara tona asiri. An yi kashi na uku a 2007 babu Jill. Da ta dawo sosai a Retribution na 2012, sai ga ta da wata na'ura a ƙirji ana juya ta kamar waina, har Alice ta cire mata. A fim na shida, na ƙarshe, ko ƙeyarta ba a gani ba.

Wanda ya ari sunan jaruma don ya jawo masoyanta zuwa silima, to ya ci bashi, kuma ba a biyan wannan bashi da shuɗiyar riga. Ko a ba ta yaƙinta ta yi da hannunta, ko a bar ta a cikin wasanta inda ake ganin girmanta.