Ratsin Mayafi da Lokacin Uwargida

Ya ku 'yan'uwa ɗalibai da matasan ma'aikata, in hunturu ya sauka a Sakkwato, daga Disamba zuwa Fabrairu, ba wanda ake gaya wa amfanin mayafin wuya na ulu. Ɗalibin da ke sammakon zuwa lacca a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ya san shi, akawun da ke hawa babur zuwa ofis ya san shi. Abin da ba mu kula da shi ba shi ne wadda ta saƙa shi, da irin lokacin da ta samu ta yi saƙar. A ganina muna cin gumin matan nan da arha, kuma mu da muka yi boko mun fi kowa laifi.

A duba unguwa irin Ƙofar Taramniya, mai sunan ɗaya daga cikin ƙofofin birnin da Muhammadu Bello ya kafa a 1809. A gidajen irin wannan unguwa, mai saƙa ba ta da shago, ba ta da lokacin tashi daga aiki. Tana ɗaukar tsinke ne bayan ta sallami 'yan makaranta, ta ajiye in goyo ya farka, ta koma kafin tukunya ta tafasa, ta sake ajiyewa don tuƙin tuwo. In aka katse ta a tsakiyar layi zare ya suɓuce, sai ta warware ta sake.

Ratsin da ke burge mu ma ba ado ne kaɗai ba. Sau da yawa ragowar ulu ne daga hular jariri da safarsa, ja kaɗan, shuɗi kaɗan, ta haɗa don kada a yi asara. Kowane canjin launi kuwa ƙarin aiki ne: a ƙulla sabon zare a bakin layi, a bi da allura a ɓoye jelarsa. In layi ɗaya yana da sarƙa 40, mayafin kuma layi 300, to, sau 12,000 ke nan hannunta ya juya zare.

Amma me muke yi? A kanti muna biyan abin da aka rubuta ba musu. In yaya ce ko gwaggo ko matar maƙwabci, sai mu ce, "Haba, ai ke tamu ce," mu miƙa abin da da ƙyar zai mayar da kuɗin ulu. Ita kuwa kunya ta hana ta cewa albarka.

Wani zai ce gwanjo ya fi araha, aljihun ɗalibi kuma ba nauyi. Gaskiya ne, ba a tilasta wa kowa saye. Amma wanda ya sa a yi masa, ya biya ladan aiki. Mu kuma tuna yadda sana'a ke mutuwa. Kakanninmu mata da kaɗin auduga suke samun na kansu, har zaren masaƙa ya ture mazari. Masaƙar Kaduna da aka buɗe a 1957 ita ma ta rufe a 2002. Yau 'yar sana'ar da ta rage wa macen da ke cikin gida ita ce irin wannan, kuma ribarta ce ke sayen sabulu da littafin yaro. In ta mutu, sau da yawa farantin talla ne ke hawa kan 'yar da ya kamata tana aji.

Bayan kuɗi, akwai lokaci. A cikin Nurul Albab, Shehu Usmanu ya zargi mazan da ke barin matansu cikin jahilci alhali suna ɗora musu girki da wanki. Ashe ba baƙon zance ba ne a birnin nan a ce mace tana da hakkin lokacin kanta. Matashin ma'aikacin da ya dawo gida ya miƙe ƙafa, matarsa na fama da goyo da murhu da tsinke, ya tambayi kansa ina amfanin karatunsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Shawarata uku ce. Mai son mayafi ya ba da aiki tun Oktoba, ya sayi ulu, ya biya ladan hannu dabam. Magidanci ya karɓi yara ko da awa ɗaya ce bayan la'asar. Ƙungiyar ɗalibai kuma ta ware tebur a makon ɗalibai don kayan saƙar matan gari, su da kansu su yanka farashi, kuɗin ya koma hannunsu cif. Allah ya sa mu gane, amin.