Wanda Ya Sha Baƙar Wahala Ba Mahaukaci Ba Ne

Tsofaffinmu ba su manta da yunwar 1984 ba. Tambayi tsohuwa, za ta faɗa maka irin ganyen da suka dafa suka ci. Amma in ka tambaye ta watan da ɗanta ya rasu, mai yiwuwa ta yi shiru. Ana ganin irin wannan ga waɗanda ƴan bindiga suka koro daga Sakkwato, Zamfara da Katsina zuwa jihar Maraɗi tun 2019. Mutum yana tuna ƙarar babura sarai, amma ya kasa jera labarin daga farko har ƙarshe.

Me ya kawo haka? In tsoro ya yi tsanani, jiki yana zuba wasu sinadarai cikin jini domin mutum ya tsira. Sashen ƙwaƙwalwa mai kula da tsoro sai ya riƙe ƙara da wari da hoton abin da ido ya gani. Sashen da ke jera abubuwa bi da bi kuwa sai ya raunana. Shi ya sa abin ke dawowa cikin mugun mafarki. Mutum ya riƙa firgita, barci ya ƙi, mantuwa ta yi yawa. Yaro kuma yana iya daina magana, ko ya koma fitsarin kwance.

Ni a ganina, muna ƙara wa waɗannan bayin Allah ciwo. In labarinsu ya sassaɓa, mu ce ƙarya suke. In sun firgita, mu ce hauka ne ko iskoki. Wannan kuskure ne. Rauni ne kamar karaya, sai dai ido ba ya ganin sa.

Wani zai ce haƙuri maganin zaman duniya. Gaskiya ne, amma mai karaya yana haƙuri, kuma yana zuwa wurin maɗori.

To, me za mu yi? Kada mu tilasta masa ba da labari. In ya so magana, mu saurara. Mu ja shi zuwa gona da cikin jama'a. Mu tsare shi daga tramol da ƙwayoyin barci na kasuwa. Yawancin mutane suna samun sauƙi cikin makwanni. In abin ya wuce wata 1 yana hana shi aiki, a kai shi gidan likita. In ya ambaci kashe kansa, a kai shi ran nan, kada a bar shi shi kaɗai.

Allah ya ba mu lafiya da damana mai albarka.