Kafin ka zuba tarwaɗa ɗari biyar, fara da gofi shida

Yau zan faɗi abin da na san wasu za su yi wa dariya: duk mai son shiga kiwon kifi, ya fara da ƙananan kifin ado masu haihuwa a tankin gilashi cikin ɗakinsa.

Ni a nan Illela na fara, kuma da asara na fara. Na sayar da tumaki biyu a kasuwar Lahadi, na sa aka kawo mini 'ya'yan tarwaɗa ɗari biyar, na zuba a tankin roba ana tsakiyar zafin Afrilu. Kafin sati biyu rabi sun mutu. Na zagi wanda ya sayar mini, alhali laifina ne. Abinci nake zubawa ba lissafi, ban san ruwa na lalacewa tun ido bai gani ba. Wannan darasin, da kifin 'yan kuɗi kaɗan ya kamata in koye shi.

Yawancin kifi ƙwai suke yi. Tarwaɗa ma sai an yi wa uwar allura an matse ƙwan kafin a ƙyanƙyashe. Amma gofi da moli da filati da mai wutsiyar takobi, haihuwa suke yi, ɗan ya fito yana iyo. Macen gofi kusan duk wata take haihuwa, sau da yawa 'ya'ya 20 zuwa 40. Cikin wata uku ka ga ciki, ka ga haihuwa, ka koyi renon ƙanana.

A cikin huɗun nan, shawarata gofi. Asalinsa daga Tirinidad da Benezuwela ne, bai cika wuce santimita 5 ba, yana jure ruwan rijiya da na burtsatse, ga shi yana cinye tsutsar sauro. Filati ne na biyu, ba shi da faɗa. Moli ya fi girma kuma ya fi ɓata ruwa. Mai wutsiyar takobi kuwa yana wuce santimita 10, ga tsalle, in babu murfi da safe a ƙasa za ka tsince shi. Waɗannan biyun a bar su sai an samu babban tanki.

Tankin lita 40 zuwa 50, wato jarka biyu, ya ishi maza biyu da mata huɗu. Kada kyan wutsiyar maza ya ruɗe ka ka tara su, za su yi ta bin macen har ta galabaita. Sa ciyawar ruwa don 'ya'yan su ɓuya, domin iyayen na cinye su. Duk sati kwashe kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan ka zuba sabo. In na famfo ne, bari ya kwana a buɗe. Abinci kuwa, abin da za su cinye cikin minti biyu.

Babban abokin gabarmu a nan zafi ne. Gofi ya fi son ruwa tsakanin digiri 22 da 28, mu kuma a bazara iska na wuce 40. Ruwa in ya yi zafi iskar shaƙa na raguwa a cikinsa, ga wuta ba tabbas balle ka dogara da injin iska. Don haka a ajiye tanki a ɗaki mai sanyi, nesa da taga, kuma kada a cunkusa. Da hunturu a rufe shi da dare.

Wani zai ce, kifin da ba ya shiga miya, ina amfaninsa? Gaskiya ne, ni ma ba zan ce maka akwai kasuwarsa a Illela ko Ƙonni kamar ta tarwaɗa ba. Makaranta ce. Wanda ya riƙe gofi shida wata shida ba su mutu ba, ya san ruwa, ya san awon abinci, ya san kifin da ba shi da lafiya tun daga yadda yake iyo. Da rarrafe yaro kan tashi.

Roƙo ɗaya: in sun yi yawa, ba maƙwabci ko ka raba maza da mata. Don Allah kada a zuba su a tafkin Kalmalo ko wani kududdufi. Baƙin kifi ne mai saurin yaɗuwa, yana takura wa na gida.

Wanda ya taɓa gwadawa, ya gaya mana yadda ya tsallake da su watan Afrilu. Allah ya sa albarka a kiwonmu.