Mai Son Kanari Ya Yi Kiwo, Ya Daina Kwashe Na Daji



Tun da muka fara maganar kamun tsuntsaye ake ta yi mana raɗe-raɗin cewa shugabannin ƙungiya sun tashi hana ajiye kanari a Kuru. To bari mu fito fili. Ba mu da faɗa da keji, ba mu da faɗa da mai rataye shi a ƙofar shago yana jin kuka da safe. Malamai ma sun kafa hujja da hadisin Abu Umair, ƙanen Anas ɗan Malik, wanda yake da ɗan tsuntsu, Manzon Allah (SAW) kuma bai hana shi ba. Faɗanmu da danƙo ne da tarko, da wanda yake ba yaro kuɗi ya shiga daji ya kamo masa.

Kowa ya san yadda ake yi. A shafa danƙo a tsinke, a ajiye kanari mai kuka a kusa ya kira 'yan uwansa. Danƙo kuwa ba ya zaɓe. Namiji ake nema domin shi ne mai waƙa, amma mace ma tana maƙalewa, da wasu ƙananan tsuntsayen da ba mai saye. Wasu su karye a fiffike, wasu su mutu a keji cikin kwanaki saboda firgita da ƙin cin abinci. Mafi muni, an fi yin kamun daga ƙarshen damina zuwa kaka, lokacin da ciyawa ta yi tsaba kuma da yawansu ke kan ƙwai. Ka kama uwa, ka kashe sheƙa guda. Ko ba a Sunan Abu Dawud ba ne aka ruwaito cewa Annabi (SAW) ya sa a mayar wa wata tsuntsuwa 'ya'yanta da aka ɗauke?

Sai ka ji ana cewa tsuntsu na Allah ne, ba ya ƙarewa. Su tambayi dattawanmu yadda bayan gari yake a da. Sannan mu san abin da Allah ya ba mu. A duwatsun nan na Filato akwai wani ɗan jan tsuntsu da masana ba su tantance shi da suna ba sai 1998, kuma ba a samun sa sai a arewacin Nijeriya da wani yanki na Kamaru. Akwai wani kuma da ba ya gina sheƙa, a sheƙar jan yake ƙwai. In jan ya ɓace, shi ma ya tafi. Saboda irinsu masu bincike ke zuwa dajin Amurum da ke Laminga, inda cibiyar APLORI ta Jami'ar Jos take. Baƙi na biyan kuɗin jirgi su gani, mu kuwa muna maƙale su da danƙo a kan kuɗin da bai kai na mudun acca ba.

Wasu kuma su ce na gida ba ya kuka kamar na daji. Kanarin da duniya ke yayi ɗaruruwan shekaru ake kiwon sa a keji, tun da aka ɗauko kakanninsa daga tsibiran Kanari. Ƙaramin namiji daga bakin babba yake koyon waƙa, don haka mai kiwo shi ke gyara kukan da hannunsa. Ostareliya ta hana fitar da tsuntsayenta na daji tun 1960, Tarayyar Turai ta rufe ƙofar shigo da na daji gaba ɗaya a 2007, kuma kiwo bai mutu a can ba. Mace kan yi ƙwai 3 zuwa 5, ta ƙyanƙyashe cikin kwana 14 ko kusa da haka. Keji mai faɗi, acca da gero, ganye, dafaffen ƙwai lokacin reno, ruwa mai tsabta, da rufe keji daga sanyin hunturun Kuru. Wanne ne ya gagare mu?

Akwai kuma abin da ya fi tsuntsun. Yaran da ake aikawa gonakin accar maƙwabtanmu suke shiga, su tattake amfani, a lokacin da ya kamata suna aji. Duk wanda ya zauna a Jos ta Kudu ya san yadda ƙaramar magana kan gona take zama babba. Wanda ya aiki yaron yana gida a zaune, unguwa ce za ta biya. Ga cuta: tun da murar tsuntsaye ta ɓulla a ƙasar nan a 2006 ake gargaɗi kan haɗa na daji da kajin gida. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom na nan kusa da mu, mai shakka ya je ya tambaya.

Don haka muna kira ga mambobi: kada a sayi tsuntsun da aka kamo, kada a aiki ɗan kowa kamu. Masu kiwo na gaskiya su sayar wa matasa mace da namiji, su koya musu. In mai saye ya janye hannu, mai danƙo zai ajiye tsinkensa.

Allah ya sa mu ji tausayin abin da ba ya iya kai ƙara. Wassalam.

Sakataren ƙungiya